Ranar da Katafila ta Shiga Lambun Mama

Jiya ruwan farko ya sauka a Kafanchan. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini da Mama, tsohuwar da ke kula da lambun unguwarmu a bayan coci, sai raina ya ɓaci.

A shekarun saba'in ina koyarwa a firamare. Kowace bazara nakan kai mata ɗalibaina mu dasa ɗorawa da maɗacin da ta rena a gwangwanayen madara. Takan murza ganye ta kai wa yaro hanci, ta ce, "Sansana. Kada ka tuge abin da ba ka san sunansa ba."

Wata safiya muna cikin dashe sai ga katafila. Ashe dattawan unguwa sun ba ɗan kwangila wurin ya haƙi jar ƙasa, ba wanda ya gaya mata. Mama ta dubi shugaban dattawan da ya biyo katafilar, hannunta duk taɓo.

"Ɗana, sassaƙen maɗacin nan na dafa maka lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe ka."

"Mama, ci gaba ne ya zo," ya ce, yana kallon takalminsa.

Ta kwashe tsiron da zaninta zai ɗauka, ta tafi gida. Kafin wata damina ta rasu. Mutumin nan ne ya tashi a jana'izarta yana yabon ƙaunarta ga itatuwa, muka ce amin. Ramin yana nan har yau, sauro kawai yake tarawa.

Ubangiji ya ba ki hutu, Mama. Ni kuma ya koya mini gafara, don har yanzu ban iya ba.