Ragon Suna a Gidan Gaba

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, amma safiyar da aka raɗa wa ɗana na fari suna ba za ta taɓa fita daga raina ba. Yaron nan yanzu ya fi ni tsawo, amma har gobe idan labarin ya faɗo mini sai dariya ta taso, kunya ta biyo bayanta.

A lokacin ina koyarwa a Safana, tun hanyoyin ƙauyukanmu ba su zama abin fargaba ba. Mai ɗakina ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Babban Duhu, kamar yadda ake yi a haihuwar fari, kuma can ta sauka lafiya. Abin da ya rage a wuyana shi ne in kai rago da goro da dabino kafin liman ya zauna ranar suna. Duk wanda ya san surukuta ya san nauyin abin. A taru a ƙofar gidan surukinka, a waiga a ce ina rago, a ce ai angon ƙarni bai iso ba? Wannan magana ce da za a riƙa yi har yaron ya yi gemu.

Na sayi ragona da wuri, fari tas mai baƙin kunne, da niyyar in aika shi ana jibi suna. Sai sama ta buɗe. Kwana biyu ana tsuga ruwa, rafin da ke kan hanya ya cika, 'yan acaba suka ce ko su kaɗai ba za su tsallaka ba, balle da rago a cinya. Dole ta sa na tafi wajen Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, tsohon direban ma'aikatar gona da ya yi ritaya. Shi ne ya tsinci gawar wata tsohuwar jif a bayan wani sito a Batsari, irin motocin shiga daji na zamanin da, kaji na ƙwai a kan kujerarta. Shekara huɗu ya yi yana tada ta. Ya je Katsina, ya je Kano, yana bin tsofaffin bakanikai yana tono kayanta na asali, domin shi a wajensa saka mata sabon ƙarfe cin mutunci ne. Ya yi mata koren fenti, ya sa dukawa suka ɗinke kujerun da jar fata, ya gina mata rumfar da ta fi ɗakin kwanansa kyau. Masu sha'awar tsofaffin motoci kan zo daga birni su ɗauki hoto su taya, ya ba su ruwa su sha, ya raka su bakin titi.

Kullum a majalisa zancensa ɗaya ne: tayoyinta huɗu duk ja suke, tana hawa dutse, kuma babu rafin da zai tsayar da ita a ƙasar Katsina. Sai dai babu wanda ya taɓa ganin ta wuce masallacin Juma'a. Idan kuwa hadari ya haɗu, ko gawa za a ɗauka ba ta fita.

Na durƙusa na faɗi damuwata. Ya daɗe yana kallon sama, yana kallon motar, sannan ya ce saboda darajar 'yar'uwarsa zai kai ni, amma da sharaɗi. Na ce na yarda tun kafin in ji sharaɗin, kuma wannan shi ne kuskurena na farko.

Da aka sallame asuba na jawo rago, na tarar Kawu ya yanka buhun taki ya ɗinka wando har da tazuge. Ba nawa ba ne, na rago ne, don kada ya yi masa kashi a mota. Ƙafafunsa huɗu kuma aka zura musu tsofaffin safar Kawu saboda kofato. Mun fi rabin sa'a muna kokawa da dabbar nan, ni da sabuwar shaddata. Da muka gama na nufi baya da shi, sai Kawu ya tare ni.

“A'a, Malam. Gaba za shi zauna, inda idona ke ganin shi. Kai ka shiga baya ka riƙe igiya.”

Haka muka fita daga Safana: Kawu a sitiyari, rago a gidan gaba da wando da safa, ni uban jariri a baya na rungume goro, takalmina a hannu don an hana ni shiga da su.

Tafiyar kuwa, da na taka da ƙafa da na riga mu isa. Duk kududdufin da Kawu ya hango sai ya kauce masa, ko da kuwa zai ratsa ta gefen gonar wani. In taɓo ya fallatsa a bodi sai ya tsaya, ya fito da tsumma ya goge. Ina kallon rana tana ɗagawa, amma ba dama in ɗaga wa kawuna murya. Na duba waya in ba da haƙuri, babu sabis. Ragon ne kaɗai hankalinsa kwance, har ya fara tuƙa yana kallon gero ta gilashi.

Muka iso rafi. Ruwan ya ɗan ja, bai wuce gwiwa ba, amma ƙasansa yashi ne mai laushi. Kawu ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ja wata 'yar ƙaramar liba da ke kusa da giya, ya ce in zuba ido yau zan ga aikin maza. Muka shiga da ƙarfinmu. Muna kaiwa tsakiya sai motar ta tsaya cak, tayoyin baya suka hau juyawa suna haƙa rami, muna ta nutsewa a hankali.

Na tattare shadda na diro cikin ruwa. Ni ba bakanike ba ne, amma ina da ido. Na ce, “Kawu, ai tayun gaba ko motsi ba su yi.”

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Can ya ce, a hankali kamar mai ba da labarin rasuwa, farfelar gaba ba ta jikin motar. Wato ƙarfen da ke kai wa tayoyin gaba ƙarfi. Ta asali ce, ya sha wuya kafin ya samo ta, shi ya sa da damina ta kama ya kwance ta, ya shafe ta da giris, ya naɗe ta a tsohon zane.

“To tana ina yanzu?”

“Ƙarƙashin gadona. Halan so kake ta yi tsatsa?”

Wallahi a lokacin ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba. Mutum ya shekara huɗu yana gyara motar ratsa ruwa, ya kwance abin ratsa ruwan ya ɓoye don kada ruwa ya taɓa shi.

Na yanke shawarar in saɓa ragon a kafaɗa in ƙarasa da ƙafa. Sai na dubi Kawu. Ruwa ya fara leƙawa ta ƙasan ƙofa, dattijon nan ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa ya kawo ƙwalla. Duk haushin da nake ji sai na kasa tafiya in bar shi.

Allah ya kawo mana wani dattijon Bafulatani da shanun huɗa guda biyu, zai tafi gona. Na ɗauka Kawu zai ƙwala masa kira ne, ina! Daga cikin motar da ke nutsewa ya fara gaisuwa: an tashi lafiya, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ya ƙoƙari. Dattijon ma ya dogara sanda ya mayar masa da nasa ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar yara. Sai da suka ƙare tas sannan ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon fasinjan gaba, ya ce, “Alhaji, wannan ba shi da lahiya ne?”

Aka zo ɗaura igiya, Kawu ya ce ba za a goge masa fenti ba, sai an naɗa wani abu mai laushi tukuna. Tsummansa ya jiƙe da taɓo, saboda haka babbar rigata ce ta tafi. Shanu suka yunƙura sau biyu, motar ta fito kamar ba ita ba. Amma ruwa ya riga ya shiga inji, aka yi ta murza makulli ko tari ba ta yi ba. Dattijon ya ce tun da suna ne, gona ta jira, zai ja mu har gari.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Babban Duhu. Shanu a gaba, Kawu a sitiyari yana danna hon don a ba shi hanya, rago a gefensa, ni ina biye a ƙasa da 'yar shara, ba takalmi, taɓo har cinya. Muna karyo kwana na hango tabarmi cike da mutane, a gefe kuma mahauci yana fiɗar wani ƙaton rago. An riga an yi suna. Na ji da ma ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai bayan arba'in mai ɗakina ta gaya mini, shi ne da surukina ya ga rana ta yi ba mu iso ba, sai ya shiga gida ya kwanto ragon da yake kiwo don layya, ya miƙa wa liman a matsayin na angon ƙarni. Bai ce wa kowa komai ba, ya bar mutane suka ɗauka tun farkon mako na aiko shi. Ga shi yanzu na iso a gaban kowa da rago a mota, zan tona abin da ya rufe.

Wani tsoho ya dubi naman da ke rataye, ya dubi mai wando, ya buɗe baki zai yi tambaya. Surukina ya riga shi. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya ce, “Alhamdu lillahi, ga na biyun ya iso. Ai namiji aka samu.”

Nan take aka ɗauki sa albarka. Liman ya yaba, ya ce rago biyu ga ɗa namiji sunna ce, amma samarin yanzu ba kowa ke wannan ƙoƙari ba. Maroƙi ya hau kirari, wai angon ƙarni mai rago biyu, wanda ragonsa ma sai a mota. Na durƙusa gaban surukina, bakina ya kasa haɗa gaisuwar kirki. Ya sunkuyo kamar mai amsawa, ya ce yadda ni kaɗai zan ji, “Tashi ka tuɓe mashi wandon nan tun mata ba su leƙo ba.” Sai dai an makara, don tuni guɗa da shewa suka ɓarke ta saman katanga.

Surukin nan nawa ya rayu shekaru bayan haka, na zauna da shi sau ba adadi, bai taɓa tada zancen ragonsa ba ko da wasa. A shekarar, akuya ya yi layya da ita. Ranar da aka yi masa sutura na tsaya bakin kabari, abin da ya riƙa dawo mini ke nan, har na rasa hawayen da ke zuba na kuka ne ko na dariya.

Abin da na koya a wannan safiya bai shafi mota ba. Na gane cewa idan mutum ya iso ƙofarka a makare, a jiƙe, kunya ta gama rufe shi, ya riga ya san laifinsa, ba ya bukatar ka karanta masa. Ka yi sauri ka samo masa maganar da zai tsaya a kanta kafin jama'a su buɗe baki, sannan ka manta ka taɓa yi masa haka.