Likkafanin Malam da Mutanen Otal

Ko Allah zai ƙara mini shekaru irin waɗanda na riga na yi, abin da aka yi mini a wani otal a tsakiyar birnin Kano ba zai fita raina ba. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Da baki nake faɗa ana rubutawa, kuma na ce kada a sanyaya mini magana, a rubuta ta da zafinta.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Gwiwa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomi ne, Malam nake ce masa. Sau ɗaya ya je Makka a rayuwarsa. Abokan tafiyarsa sun dawo da agogo da rediyo da darduma, shi kuwa babbar tsarabarsa farin yadi ce. Ya ce da hannunsa ya tsoma shi a ruwan zamzam, ya shanya shi a ranar Makka, ya zauna yana gadinsa har ya bushe. Likkafaninsa ke nan. Ya miƙo mini ya ce in ajiye. Na sa shi a ƙasan adaka da ɗan kanumfari. Duk bayan damina sai in fito da shi ya sha iska a cikin ɗaki, ba a tsakar gida ba, don kada yara su tsorata. In ya gani sai ya yi dariya ya ce, "Rigar angwancina ta ƙarshe tana nan lafiya?" Ni kuma in ce, "Kai dai Malam, ka cika tayar wa mutane hankali."

Da ciwo ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, aka kai shi asibiti a Kazaure, daga can suka ce sai Kano. Ina haɗa kaya ya kira ni bakin gado ya ce, "Ki sa kayan nan a jakarki. In ta Allah ta kasance a can, kada ki bari a naɗe ni a na kasuwa." Na ce masa ya daina irin wannan magana, amma na sa.

Ɗana na fari, wanda ke aikin gwamnati a Kazaure, shi ya kai mu. Sashen maza aka kwantar da Malam, mace ba ta kwana a wurin. Na ce a ba ni tabarma in kwanta a baranda kamar sauran mata. Ya ce, "Inna, damina ce, ga gwiwoyinki. Ni zan kwana wajen Baba, ke na kama miki ɗaki a otal, ba nisa." Don alheri ya yi, ban taɓa ɗora masa laifi ba.

Daga waje gidan nan sai ka ce fadar wani, gilashi ko'ina. Ciki kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ɗakin yana warin taba da danshi. Famfo in ka murɗa sai ya yi tari ya tofo jan ruwa. Na nemi buta, yarinyar da ke zaune a kanta a ƙasa ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi dariya, ta miƙo mini tsohuwar gorar ruwa. Kiɗa kuma yana tasowa daga ƙasa kamar ana biki kullum, ko kiran salla ba ka ji. Duk wannan na haɗiye. Wadda mijinta ke kwance, ina ruwanta da buta?

Akwai na'urar sanyi a bango, esi suke ce mata. Ashe tana ɗiga. Washegari da safe na idar da salla na ɗaga jakata, sai na ji ta jiƙe sharkaf. Na zazzage kaya, na tarar gefen yadin Malam ya yi laima. Na ce wannan in na bar shi a ninke zai yi fumfuna. Sai na warware shi na shimfiɗa a kan gado, bisa farin zanen gadonsu, don ya sha iska kafin in dawo. Na ja ƙofa na kulle, na murɗa na tabbatar, na ɗaure makullin a bakin zanena, na tafi asibiti.

A garinmu in mace ta kulle ɗakinta ta ɗaure makulli a zane, magana ta ƙare. Ko surukarki ba ta shiga. Wa ya gaya mini a birni ɗakin da aka ba ka akwai wani da makullinsa a aljihu?

Ranar nan Malam ya fi kullum natsuwa. Ya sha kunu kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Kayan nan fa?" Na taɓa makullin na ce, "Suna nan, Malam, na kulle." Ya gyaɗa kai. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kafin azahar ya cika.

Ban yi ihu ba. Na rufe masa ido na yi salati. Ɗana ya tsaya neman motar da za ta kai mu gida, ya sa ni a adaidaita in je in kwaso kaya. Duk hanya abu ɗaya nake riƙe da shi a zuciya: saura alkawari guda, in cika shi, sannan in zauna in yi kukana.

Na hau bene da ƙyar, na kwance makulli na buɗe. Gado a gyare, sumul, da sabon zane. Yadin Malam babu shi. Na ɗaga filo, na ɗaga katifa, na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, na duba har banɗaki. Babu.

Ban san yadda na sauko ba. Na ce wa yarinyar kanta, "Wa ya shiga ɗakina?" Ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba, ta ce, "Masu shara mana, Iya. Kullum ai suna shiga." Na ce ɗakin da na kulle? Ta ce in je wajen manaja.

Manajan yana zaune a ofis yana cin shinkafa. Bai kai ɗana shekaru ba. Na yi sallama, ya amsa da abinci a baki. Ya ce, "Me ya ɓace, Hajiya? Waya ce ko sarƙa?"

Na ce, "Likkafanin mijina."

Ya ajiye cokali. Na zaci ta'aziyya zai yi mini. Sai ya ce, "Likkafani? A otal ɗinmu? Haba Hajiya, ya za ki shigo mana da irin wannan abu? Don Allah ki rage murya, akwai baƙi."

Jama'a, mijina yana kwance ko sanyi bai gama yi ba, wannan yaro damuwarsa kada baƙinsa su ji sunan likkafani. Na ce, "Baƙin naka ba za su mutu ba ne? Kai fa, da me za a naɗe ka, da labulen ofis?"

Aka kira mai shara, wata mata mai ɗan shekaru. Da ta ji abin da ta kwasa sai ta ɗora hannu a ka tana salati. Ta ce ta ga fari a kan fari, ta naɗe su gaba ɗaya ta jefa cikin kayan wanki, motar masu wanki kuma ta kwashe tun hantsi, can bayan gari suke kaiwa. Ta durƙusa tana cewa, "Iya ki yafe mini, wallahi ban sani ba." Ita na yafe mata nan take. Aikinta ta yi, kuma ta ji zafin abin.

Na juya ga manaja na ce ya sa a kai ni wurin wankin, ko ya aika a karɓo kafin a jiƙa shi. Ya danna waya sau ɗaya, ya ce ba su ɗauka ba. Ya ce sai gobe ko jibi za su dawo da kaya. Sannan ya ce ai akwai wani kwali a bayan ƙofa, da na rataya shi a waje da ba a shiga ba. Na ce, "Ni da aka kawo ni nan ka ga na yi kama da mai karanta kwali? Wa ya buɗe baki ya gaya mini?" Ya ce, "To Hajiya, yadi ne fa. Kasuwa cike take da shi. In kuɗinsa ne sai mu ba ki."

Na ce, "A wace rumfa ake sayar da wanda ya tsoma da hannunsa?"

Duk wannan magana yana zaune. Ko sau ɗaya bai miƙe ba. Ga motoci a harabar gidan, ga samari masu gadi suna hira. Da ya tashi ya ce wa ɗaya ya hau babur ya bi sawun motar nan, ko ba a samu ba, da na ce ya yi ƙoƙari. A maimakon haka sai ya duba agogo ya ce in ba zan ƙara kwana ba, in kwashe kayana, lokacin barin ɗaki ya wuce.

A haka ɗana ya shigo nemana. Da ya ji, sai ya yi kan manaja, na riƙe masa riga na ce, "Bar shi. Ubanka yana jira a mota." Gawa ba ta kwana saboda zane. Na san wannan, Malam ma ya sani.

A Kazaure muka tsaya, ɗana ya shiga kasuwa ya sayo alawayyo. Ina zaune a mota, Malam a bayana, na ga ya fito da leda a hannu. Nan ne kukan ya zo. Na juya na ce, "Malam, na kulle. Wallahi na kulle." Kafin magariba aka binne shi a na kasuwa, abin da ya roƙe ni kada in bari.

Mutane sun ba ni baki. Limaminmu ya ce Allah ba ya duba zane, aiki yake dubawa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni aka ba amana, kuma ni na ce masa tana nan.

Ina cikin takaba ɗana ya koma Kano, bai gaya mini ba. Ya yi ta zarya otal ɗin har suka gaji suka bar shi ya duba ɗakin ajiyarsu. Ya gane shi don shi kaɗai ne ba shi da kalmasa a baki. An wanke shi da maganin farin kaya, an goge, kuma mai sharar nan ta gaya masa har an shimfiɗa shi a wani ɗaki kafin a lura. Wane ne ya kwana a kai, me aka yi a kai, Allah kaɗai ya sani. Da ya ajiye mini shi na sunsuna, ba kanumfari, sai ƙamshin sabulunsu. Manajan ko saƙon haƙuri bai aiko ba.

Na wanke shi da kaina da ruwan rijiyarmu. Wata maƙwabciya ta ba ni ɗan zamzam na yayyafa masa, na mayar da shi ƙasan adaka. Na tara 'ya'yana na ce ranar da tawa ta zo, a ciki za a naɗe ni, in bai isa ba a cika da wani. Tunda ban ba shi a nan ba, ni zan tafi masa da shi.

Abin da na koya, ina gaya wa duk matar da za ta shiga birni daga ƙauye: in an ba ki amana, ɗaure ta a jikinki, kada ki dogara da ƙofar da ba ke kika kafa ta ba. Ku kuma da Allah ya ɗora a kan kujera, in mai makoki ya shigo muku da kuka, ko ba za ku iya komai ba, ku miƙe tsaye. Ɓatan yadin na bar wa Allah. Zaman da yaron nan ya yi ne har yau na kasa yafewa.