Ranar da Inna ta kau da kai a Kano

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban fuskata ba. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni. In na shiga gaida Inna, sai ta amsa tana kallon turmi ko bango, in kuwa tana son a faɗa mini wani abu, sai ta ce wa autarmu, "Ke, ce ma yayanku kaza," alhali ga ni tsugune a gabanta. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taras, ban kuma taɓa ɗaukar ta ƙiyayya ba.

Sai ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu. A shekarun nan komai ya canza. In na yi magana sai ta juyo da fuskarta sosai inda muryata take, tun da ba ta ganin abin da za ta ji kunyarsa. Ni nake riƙe hannunta in kai ta gidan suna ko gidan gaisuwa a nan cikin Anka. Na saba da hakan har na manta yadda take a da.

Da ƙyar ta yarda a yi mata aiki. Cewa take, "Ido ba ƙwarya ba ne da za a tsaga a ɗinke." Ni kuwa na kafe, na yi ta naci har ta gaji da ni. Muka ɗauki hanya mu uku, ni da ita da autar, kowa bakinsa da addu'a har muka wuce Gusau, don kun san hanyarmu yanzu ba a bin ta da dariya.

Kano ba baƙon gari ba ne a wajena, ko kuwa in ce haka na zata. A can na yi karatun malanta ina saurayi, kuma tun da na dawo gida na hana mutane sakat da labarinta. Amma muna sauka tasha na rasa gabas. Gadoji sun hau kan gadoji, inda na san da mai shayi yanzu kantin waya ne. Autar ta samu abin da take so. "To, Bakano," in ji ta, "ina munka nuhwa?" Na ce ta rufe mini baki, na tambayi mai adaidaita sahu kamar kowane baƙauye.

A asibitin ido likita ya gaya mini gaskiya tun kafin ya taɓa ta. Ya ce yanar ta daɗe, ba ya iya hango abin da ke bayanta, sai an cire za a san ko jijiyar idon tana da sauran rai. Aka yi wa ido ɗaya aiki. Da aka zo cire bandeji, ya haska mata fitila, ya ɗaga yatsu ya ce, "Mama, nawa ne nan?"

"Alhamdu lillahi," in ji Inna.

Wannan ba amsa ba ce, don ko ciwo ya kayar da ita abin da take faɗi ke nan. Sai ya jawo ni gabanta ya ce, "To, wannan fa, wane ne?" Inna ta juya fuskarta wajen bango. Layi ya yi tsawo a waje, likita ya ɗan ɓata rai, ya ce akwai sauran kumburi, a ɗiga mata magani mu dawo bayan 'yan kwanaki, sannan a san inda aka tsaya. Suka ba ta baƙin gilashi ta sa. Na miƙa hannu in riƙe ta kamar kullum, sai ta janye, ta kama bakin mayafin autar.

Na ce shi ke nan, na sa an tsaga idon tsohuwa a banza, ga shi ta yi fushi da ni. Na sa autar ta lallaɓa ta tambaye ta a keɓe, ita ma Alhamdu lillahin aka ba ta.

Zama a masauki ya gagare ni. Na ce mu fita in nuna musu garin, amma a raina gwaji nake son yi. Duk wuraren da na yi shekaru ina marmarin komawa, na ce ai a cikinsu ba za a rasa wanda zai sa ta yi suɓul da baka ba.

Na fara da gurasa, don in da abin da na yi kewa ya fi komai, to, ita ce. Na kai su cikin gari inda ake bandashe, a tsoma ta a ruwa a barbaɗa ƙuli da yaji a zuba mai da albasa. Na ci kamar wanda aka kora daga gida. Inna ta ci loma biyu ta ce wa autar yaji ya yi yawa, wanda ko makaho zai iya faɗi.

Washegari muka shiga kasuwar Kurmi. Ita kam ba ta canza ba, Allah ya yi mata albarka. Lungunan nan ne matsattsu da sai ka karkace kafaɗa, warin fata a layin dukawa, gaba kaɗan ƙamshin turaren wuta da kanumfari, ga masu kwando suna ta "a gafara, a gafara." A da nakan shigo ba don in sayi komai ba, in tsaya kawai ina kallon mai ɗinkin kube. Na ɗauki wani jan takalmi na kai kusa da gilashinta na ce, "Inna, wannan wane launi ne?" Ta juya wajen autar ta ce, "Ce ma yayanku in takalmi yaka so ya saya, ya bar wahal da mai kaya." Mai rumfa ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa haushi ya turnuƙe ni, na ajiye masa takalminsa na yi gaba.

A marinar Ƙofar Mata na sake gwadawa. Ina son wurin nan ƙwarai: tsofaffi zaune bakin rijiyoyin baba, hannuwansu shuɗi har gwiwar hannu, suna tsoma zane suna ɗagawa, ga ƙarar bugu tana tashi daga rumfa. Na ce, "Inna, ga zane can an shanya." Ta ce wa autar tana jin warin baba, ya tuna mata da wata gwaggonta. Hanci dai, kullum hanci ko kunne! Har gidan namun daji na ja su, na tsayar da ita gaban jimina, tsuntsun da ko daga nesa ba ya ɓuya. Ta ce ƙafarta ta gaji. Na ja autar gefe na ce, "Ke wai ba ki da amfani ne? Kin fi kowa baki, ki sa ta yi magana mana!" Ta ce, "Yaya, ka san Inna da tsoron bakin mutane. Ko tana gani, ba ta hwaɗi a garin baƙi." Na ce in kuma ba ta gani fa? Sai na ga ita ma autar idonta ya ciko.

Dala na bari a ƙarshe, ana gobe za mu koma wajen likita. Na samar musu inuwa a gindin dutsen na hau ni kaɗai, ina haki, gwiwoyina suna tuna mini cewa ba saurayin nan ba ne. A da in na hau nan ji nake duk Kano tawa ce, in zauna ina neman hasumiyoyin babban masallaci da Gwauron Dutse ina ƙirga shirwa. Ranar kuwa garin ya bazu har inda ido ya gaza, amma ban ji daɗin komai ba. Me zan yi da kallo, wadda na kawo ta gani tana ƙasa cikin duhu? Na roƙi Allah abin da zan roƙa, na share fuskata na sauko.

Muka tari adaidaita sahu. Su biyu suka zauna a baya da ledojin tsaraba, ni na raɓa a gaba gefen direba, na cire hula don zufa. Muka shiga cunkoso muka tsaya cik. Haka kawai na ɗaga kai na dubi madubin direba, sai na ga Inna ta sauke gilashin zuwa kan hancinta, ta kafe ni da idon nan da aka yi wa aiki. Kallo take yi a natse, daga goshi har haɓa, irin kallon da ake yi wa hatsi kafin a saya. Ba ta san madubi ya tona ta ba. Na ƙame, ko numfashin kirki ban yi ba.

Can ta sunkuya wajen autar, a zatonta ƙarar injin za ta rufe, ta ce, "Ke, yaushe yayanku ya yi hurhura haka? Har gemu!"

Autar ta saki ihu, "Inna! Ashe kina gani!" Ta rungume ta tana dariya tana kuka. Direba ya tsorata ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, malam, lafiyar ce ta kawo haka. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na juyo gaba ɗaya don in ga idon da kyau, amma kafin in gama juyowa ta mayar da gilashinta, ta kau da kai wajen titi.

"Ce ma yayanku ya dubi gabanai, kar ya hwaɗi," in ji ta.

A nan na gane wautata. Ranar da aka cire bandejin ta juya wa bango fuska, ta kuma janye hannunta, ai amsar ke nan ta ba ni, ni ne na manta yadda Inna take in tana gani. Da gari ya waye ta ƙirga wa likita yatsunsa tsaf, bayan ta sa an fitar da ni daga ɗakin.

Mun dawo Anka lafiya, an kuma yi wa ɗaya idon daga baya. Yanzu ita take tsince shinkafarta, ita take zuwa gidan suna da ƙafarta, ba mai riƙe mata hannu. Wani lokaci ina kewar hannun nan, ba zan ɓoye ba. Amma kullum da safe in na tsuguna na ce, "Inna, ina kwana," sai ta amsa tana kallon turmi, ni kuma in tashi in tafi makaranta hankalina kwance.