Kaset Mai Jan Biro

Ranar wata Laraba ce, sati biyu bayan babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Na dawo daga makaranta zufa ta jiƙa mini riga, Umma ta miƙo mini tsumma ta ce in goge kantar ɗakin Baba kafin in ci abinci. A kan kantar nan rikodarsa take, lulluɓe da farin ƙyalle, a gefenta kuma ga sababbin kaset biyu da ya zo da su jiya, ko sakawa bai yi ba. Ina cikin guga gwiwar hannuna ta ture su. Suka faɗo ƙasa, gidajensu suka buɗe, kowanne ya yi nasa waje. Na ɗauko su ina juyawa. Dukansu baƙaƙe ne, iri ɗaya sak, babu ko ɗigo a jikinsu. Rubutun yana jikin takardar cikin gidan, ɗaya da jan biro, ɗaya da shuɗi, kuma da boko, mu kuwa da ke zaune a ƙasar Larabawa Larabci kaɗai ake koya mana. Da na ji takun Umma sai na zura kowanne inda hannuna ya kai, na jera su yadda na same su.

Baba a wani sito yake aiki a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni, yana lodin kaya. Ba ya jin Turanci ko na sallama, amma a duk layinmu na unguwar Karantina ba wanda ya kai shi son waƙoƙin Turawan da. Wani ɗan Filifin da suke aiki tare shi ke kwafo masa su, yana ba shi labarin mawaƙan lokacin hutun cin abinci, Baba yana haddacewa. Waɗannan biyun su ne na ban-kwana, domin a satin kwangilar mutumin ta ƙare ya koma ƙasarsu. Abin da ya bar wa Baba shi ne: mai jan biro baƙar fata ne ɗan Amurka, mai shuɗi kuma Bature ne ɗan Ingila.

Kowace Alhamis bayan la'asar abokan Baba sukan hau saman gidanmu. Tun da rana nake jido ruwa a jarka daga motar ruwa in yayyafa wa simintin don ya huce, in shimfiɗa tabarmi, Umma ta dafa shayi da na'ana'a ta soya gyaɗa. Wasansu guda ne. Baba zai saka kaset, kiɗa ya fara, kafin mawaƙi ya buɗe baki sai ya danne. To, wane ne? Su nawa ne a ƙungiyar? Wanne ne yayan wanne? Wa ya rabu da su ya koma waƙa shi kaɗai? Wanda ya faɗi daidai a ƙara masa shayi, wanda ya kuskure a yi ta masa tsiya har magariba. Aikina shi ne in zura biro a ramin kaset in mayar da zaren farko, don kada batir ya ƙare. Saboda wannan aiki na bar wa ƙawayena 'yar carafke a ƙofar gida, kuma saboda shi na ɓoye maganar zubar da kaset ɗin, don Baba ya taɓa hana yayana hawa sama wata guda a kan ya taɓa rikodar da hannun mai.

Alhamis ɗin farko ya saka mai jan biro. Wata murya ta fito mai kauri, a shaƙe, kamar ta wanda ya kwana yana kuka. Baba ya rufe ido ya ce, "Kun ji ɗan'uwanmu. Wannan daga wajenmu aka kwashi kakanninsa, shi ya sa kukan bai bar maƙogwaronsa ba." Mai shuɗin kuwa, murya ce siririya mai santsi, bai bari ta kai rabi ba ya cire, ya ce Bature ne, ba gishiri. Ni ina gefe da biro a hannu. Ban san na musanya su ba, ban kuma san ban musanya ba.

Aminin Baba shi ne Ammu Usman, wato Baffa Usman, tela, Bahaushen Sudan. Tare suke tafiya masallaci, tare suke cin ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, da safen Juma'a. Ba ya nan a makonnin farko, ya je ganin gida. Ranar da ya dawo aka saka masa mai jan biro, sai ya yi dariya ya ce, "Ya shehi, wannan ai Bature ne ja wur, gashinsa har kafaɗa. Na ga hotonsa a shagon kaset a Hartum." Baba ya ce ƙarya ne, kunnen tela ƙarar keke ta cinye shi. Ammu Usman ya ce gara kunnen tela da kan ɗan dako. Da farko ana dariya. Sai Baba ya ɗauko takardar nan yana kaɗa ta a gaban mutane, yana cewa ga shaida a rubuce, rubutun da shi kansa bai iya karantawa. Ammu Usman ya rantse da Allah. Baba ya ce rantsuwar wanda yake son ya ƙwace wa baƙar fata ko muryarsa ya ba Bature ba abin kamawa ba ce. Ammu Usman ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ce, "Halas," ya sa takalmi ya sauka.

Bai sake hawa samanmu ba. Suna gaisawa a masallaci, ta fatar baki. Ni kuma na shiga uku. In na tada salla sai in ga kaset biyun nan a kan dadduma, in manta raka'a nawa na yi, in sake daga farko. Na taɓa tsayar da malamarmu na tambaye ta ko wajibi ne mutum ya faɗi laifin da bai tabbata ya yi ba. Ta ce wane laifi? Na ce ba komai. Sau nawa nake kai wa Baba shayi da maganar a bakina, in ga yadda yake lumshe ido yana jin ɗan'uwansa, in haɗiye. Nakan ce wa kaina wataƙila daidai na mayar, wataƙila Ammu Usman ne ya ga hoton wani. Da wannan wataƙila na gama aji shida, rashin takardun zama ya hana ni ci gaba, na yi aure, na haihu. Ammu Usman ya samu matsala da kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a takardun zama, ya koma Sudan. Bayan wasu shekaru labarin rasuwarsa ya zo. Ranar Baba bai ci abinci ba.

Da aka zo rushe Karantina, muna kwashe kayan Baba zuwa gidan da yayana ya kama a unguwar Mahjar, na ci karo da kwalin kaset a ƙarƙashin gado. Ƙanwata ta ce ai yanzu waya tana jin waƙa ta faɗi mai ita. Kwana uku ina kewaya kwalin nan kafin na yarda. Muka saka mai jan biro, rikodar ta tashi da ƙyar, muryar tana rawa, amma wayar ta gane. Hoton da ya fito na Bature ne, ja wur, gashi har kafaɗa. Muka saka mai shuɗin, wanda Baba ya ce ba gishiri, sai ga baƙin mutum yana murmushi, ya fi Baba duhu.

Na sami Baba a kan kujerarsa, na durƙusa, na faɗa masa komai tun daga tsumman da Umma ta ba ni. Sai da na maimaita sau biyu saboda kunnensa ya yi nauyi, ina kuka. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ya binti, wa ya haɗa wannan wayar? Ba Turawa ba? To me kike so ta ce? Yalla, tashi ki kawo mini shayi." Na ce Baba wallahi ni na zubar da su. Ya ce yarinya 'yar aji huɗu me ta sani a kan waƙa.

Har yau abin yana cina. Na ɗauki shekaru ina tsoron faɗansa, ashe ko faɗan ba zan samu ba, balle yafiya. Wanda ya kamata in ba haƙuri yana kwance a wata ƙasa, ban san ko a wane gari ba. A da, amsar tambaya ɗaya sai ta sa maza shida su kai magariba a saman soro suna musu da dariya. Yanzu amsar tana cikin jakata, kafin shayi ya huce ta fito, amma soron ya zama fili, ba kuma wanda zai hau. Baba yana nan yana saka mai jan biro ranar Alhamis, ni nake mayar masa da zaren. In na haɗa shayin, nakan zuba kofi ɗaya in kai wa wani tela da ke bakin layinmu, in ce sadaka ce ga Ammu Usman.