Na kai Inna awon jini, aka kama ni

Shekarun baya, lokacin ina aikin lodin manyan motoci a Gare, wato tashar Parakou, ƙanwata ta kira ni daga Djougou ta ce jiri ya ɗebi mahaifiyata a rumfarta ta goro, har sai da aka riƙe ta. Nan take na ajiye aiki, domin haka mahaifinmu ya fara kafin ɓarin jikinsa ya shanye. Na je na taho da ita, tana ta mita a mota wai rana ce kawai ta buge ta.

A asibiti likita ya ɗaura mata abin awo a damtse, ya ce jininta ya hau. Inna ta ce, "Ni fa lafiyata lau."

Ya ce, "Hajiya, tansiyo, wato hawan jini, ba ya sallama. Jijiyar jini kamar roba take, in zuciya ta turo jini ta buɗe, sannan ta koma. In jini ya daɗe yana dukanta da ƙarfi sai ta yi kauri, ta ƙage, ta daina buɗewa sosai. Daga nan zuciya ke shan wahala, ƙwaƙwalwa ma haka."

Ni kuwa ina tsaye ina gyaɗa kai kamar tare muka yi karatun. Har da cewa, "Kin ji ko, Inna? Gishiri da dunƙule sai haƙuri."

Ta dubi tumbina, ta ce, "Likita, don Allah ɗaura wa wannan ma."

Nawa ya fi nata hawa.

Inna da ta zo da niyyar kwana biyu sai da ta ga sabon wata a gidana. Ta karɓe tukunya daga hannun matata, muka koma miyar kuɓewa lami da daddawa. Kullum bayan sallar asuba mu fita tattaki gefen layin dogo, tana ba ni labarin kakanta da ayarinsa na fatauci, abin da ban taɓa zama na saurara ba. In mun dawo ta miƙo min ƙwayata, ta haɗiyi tata.

Ta yi shekaru bayan haka tana zuwa rumfa da ƙafafunta, kafin Allah ya karɓi abarsa. Ni har yau ina shan magani, jinin ya daidaita, kuma duk wanda ya kawo min ƙarar ciwon kan iyayensa nakan ce su je awo tare. Tattakin ma ban daina ba. Sai dai hanyar ta yi min tsawo yanzu, ba mai riƙo hannun rigata ta ce, "Sassauta, ɗan nan, ban kai ƙarshen labarin ba."