Malam Mai Fitila da Neman Kan Gulbi

Ku da kuka zauna da shi a Ƙofar Taramniya kun san Malam Mai Fitila ba ya sayen abu ranar da ya gan shi. Ko ludayi ne sai ya ɗaga, ya jinjina, ya tambayi wanda ya fafe shi da garin da aka shuka duman, sannan ya ajiye ya ce, "Bari in kwana da shi a rai." Tun ina yarinya aka aurar masa da ni, ina gidansa har na yi furfura, ban cika ganin ya dawo daga kasuwa da abin da ya fita saye ba, sai dai da sabuwar tambaya. Yau ba ya nan. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubuta mini, in kun ga magana ta yanke to kuka ne ya ci ƙarfina.

Tambayar da ta fi cinsa ita ce ta gulbin da ke wucewa ta bayan gari.

"Dije, ruwan ga daga ina shika hitowa?"

Na ce, "Daga Allah, Malam."

"Awo, na sani. Ta wace ƙofa?"

Wani direba da ya kawo masa gyaran fitila ya ce masa kan gulbin yana can gabas, bayan duwatsun Zamfara. Shi ke nan, an kunna mana wuta a gida! Lokacin soja ke mulki, kuɗin man fetur sun cika gari, kowa na sayen babur da rediyo. Lantarki kuma ta fara cinye masa sana'a. Wani zai zauna yana baƙin ciki, shi ko cewa ya yi Allah ne ya ba shi hutu ya je ya gani da idonsa. Da ƙafa kuwa, yana bin bakin ruwa. Aka ce ga sabuwar kwalta, ga motoci. Ya ce, "Mota gulbi taka bi?" Ni abin da nake dubawa gwiwarsa ce, don ta riga ta fara ƙara in zai tashi daga sujada. Na san in bai tafi da wuri ba, ba zai taɓa tafiya ba, kuma da tambayar za a binne shi.

Maƙwabcinmu Malam Bitrus, malamin makaranta ne, mutumin ƙasar duwatsu can kudu. Shi ya zama mai ba shi shawara. Ya kai shi kanti ya nuna masa wani takalmi mai wuya har idon sawu, irin na soja. Malam ya ji kuɗinsa, ya ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Ya dawo ya sa baduku ya yi masa takalmin taya ƙafa ɗaya tak, ya samo kambas na gwanjo shi ma ƙafa ɗaya. Hagu taya, dama kambas! Haka yake zuwa ƙauyen Dundaye ya dawo kullum, don ya ga wanda zai fara mutuwa.

Na ce, "Malam, don girman Allah, jikoki gare ka. Har masallaci haka?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san daɗin abin ba. Tun da nif fara, kowa na ɓoye takalminai, ni ko a bakin ƙofa nika yada nawa. Ɓarawo ya zo ya duba, ya yi mani addu'a ya wuce."

Taya ta ci. Ya koma wurin badukun ya ce a yi masa ɗan'uwanta, amma a rage masa wani abu, tunda shi ya gwada masa aikinsa kyauta.

Sai maganar jaka. Akwai wata jakar baya ta soja da ake sayarwa a ɓoye a kasuwa. Malam Bitrus ya ce ita ce daidai, don mai hawan dutse hannunsa biyu yake so a sake. Malam ya ce in soja suka tare shi a hanya suka tambayi inda ya same ta, kan gulbin da zai gani na bariki ne. Ya gwada buhun gishiri da igiya, igiya ta yanka masa kafaɗa. Ya gwada ɗauka a ka da gammo, wuya ya sage.

Ran nan ina tsakar gida da jikata a baya, ina daka, ina tankaɗe, ina hura wuta. Na ga ya zuba mini ido.

"Dije, tun yaushe ɗiyar ga take bayanki?"

"Tun hantsi."

"Kuma ba ki gaji ba? To mu maza mi muka yi tun hwarkon duniya? Koya mani."

Wallahi na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske! Ya duƙa, na ɗora masa buhu, na ja zane na ɗaure masa a ƙirji, na kawo majanyi na tamke masa a ƙugu. Ya miƙe, ya yi tsalle, ya ce nauyin duk ya koma kwankwaso. Don ya saba, sai ya sa dutsen niƙana a buhun. Da shi yake fita unguwa, goye, da rawaninsa da gemunsa.

Matan unguwa suka samu abin yi. Hajiya Ige mai ƙosai ta leƙo ta ce, "Barka da arziki, Malam! Mi anka samu? Yaushe suna?"

Bai ko yi dariya ba. Ya ce, "Namiji na, Hajiya. Ba shi kuka, ba shi hitsari, ba shi neman nono. Naki hwa?"

Ni ko sai gidan maƙwabta nake zuwa niƙa.

Sauran kayan ma haka muka sha. Butar roba da gora, ya hau katanga ya sako su ƙasa, gora ta fashe, buta ta yi tsalle, ya ɗauki buta. Kilishi ya yi masa tsada, ya ce ƙuli-ƙuli ma naman gyaɗa ne. Malam Bitrus ya ce masa sauka daga dutse ta fi hawa cin gwiwa, lalle ya nemi sanda mai kyau. Sai da na nemi muciyata na rasa na gane ya samu. Da ya gama haɗa kaya na ga babu fitila.

Na ce, "Mai Fitila guda zai yi tahiya ba fitila?"

"Ni nas san nauyinta. Kuma ni nas san yadda taka lalacewa."

Bayan an gama girbi ya tafi. Na raka shi bakin zaure, na ƙara tamke masa majanyin, na koma ɗaki na yi kukana. Wata ya fito ya mutu, wani ya fito. Masu cewa kura ta cinye shi suna yi, masu cewa yana Gusau ya yi sabon aure suna yi. Ni kullum sai na bi ta bakin gulbi na tsaya ina kallon ruwa, ina cewa wannan ya wuce ta gabansa.

Wata ranar da la'asar na ji sallama. Ga shi, ya rame, ya yi baƙi, yana ɗingishi, yana murmushi har kunne. Ko ruwa ban ba shi ba na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Dakata tukuna. Wata Laraba da hantsi, ba ku ga gulbi ya ɗauke ba?"

"Ya ɗauke kamar yaya?"

"Dije, ɗan ruwa na shika tsattsahowa ƙarƙashin ciyawa, bai kai bakin akushi ba. Nis sa tahin hannuna nit tare shi. Niy yi ta riƙo, har nit tuna kina wanki, nis saki."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Labarin hanya kuwa, rowarsa ya yi mini. Kullum bayan la'asar sai ya ba ni ɗan kaɗan, ƙauye ɗaya ko dutse ɗaya, ya ce in aka kwashe shi lokaci guda mi za mu ci gobe. Haka ya kai ni har kan gulbi a cikin labarin, muka juyo. Ran nan ya hau da ni wani dutse mai tsawo, ya ce daga samansa ana ganin ruwan kamar zaren da ya faɗi a ƙasa, shanu kamar tururuwa. Na ce to yaya ka sauko da wannan gwiwa? Ya ce, "Gobe mu sauka."

Da safe zazzaɓi ya kama shi. Bai ƙara ba ni labari ba. Har yau ina can bisa dutsen inda ya bar ni, ban san ta inda ake sauka ba.

Allah ka jiƙan Malam, ka yafe masa kurakuransa, ka hutar da gwiwar nan tasa. Ka shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. In kuma ya tsaya yana tambayar daga ina suke fitowa, ya Rabbi a yi haƙuri da shi, a nuna masa. Amin.