Ƙwaryar 'Yar Kuza

A Nassarawo ta Jimeta, in ka ce Magdalena za a tambaye ka wacce, amma ka ce 'Yar Kuza, ko mai nama zai nuna maka gidan. Tana budurwa ta bar Ganye a bayan lori, lokacin da kuza ke tashe a Bukuru. Maza na haƙa, mata na wankewa. Ita da ƙawayenta ne suka mai da bukkokin bariki unguwa: suka kafa 'yar kasuwa a bakin rami, suka ɗauko laka a ka aka gina coci. Yini take cikin ruwa tana juya ƙwarya, yashi ya bi ruwa ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a ƙasa. A can ta samu Absalom, dogon mahaƙi mai son dariya, ya sa mata zoben azurfa.

Da kasuwar kuza ta mutu suka tattaro suka dawo Jimeta, garin su Absalom. A bariki tuwon dawa aka sani, shinkafa sai labari. Ranar farko uwar mijinta ta ba ta shinkafa ta rege, hannu kuwa ya yi abin da ya saba. Ta tsiyaye shinkafar tas a ƙasa, ta miƙa wa tsohuwa tsakuwa, har da 'yar fara'arta. Kaji sun ci biki ranar. Absalom bai daina tsokanarta da zancen nan ba har ya koma ga Ubangiji.

Da tsufa ya zo, hannu ya soma rawa, 'ya'ya suka hana ta ɗaga ko buta, abin na ƙona mata rai. Zoben kuwa ta yi wa jikarta Debbie alkawari, da shi za a ɗaura mata aure.

Safiyar bikin, Debbie na gwada shi a tsakar gida ya suɓuce, ya faɗa cikin yashin kogin Binuwai da aka baza saboda caɓin damina. Mata suka hau tono da yatsu, a garin nema suka ƙara tattake shi. Mota na jira a waje. Aka ce a sayo wani a kasuwa, Debbie ta fashe da kuka, ta ce ita na kakanta take so.

Magdalena ta ce a kawo ƙwarya da ruwa a baho.

"Dada, ka zauna mana," in ji ɗanta Ephraim, da Hausarsa ta Jimeta. "Hannunka ba ƙarfi."

"Hannun nan ya girme ka."

Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, da kayan bikinta da komai, ana ɗebo mata yashi. Ƙwaryar farko babu, ta biyu ma haka, ruwa na fantsama a zanenta. Can ƙwarya ta kama juyinta, rawar hannun ta tsaya cak, har tsohuwa ta soma 'yar waƙar bariki ƙasa-ƙasa. Ta karkata, ta tsiyaye a hankali. Ga zobe kwance a gindin ƙwarya yana ƙyalli.

Gida ya ruɗe da guɗa, Debbie ta faɗa jikinta. Daɗi ya kashe Magdalena, ta yi dariya har da hawaye. Ta juya wajen gindin mangwaron da Absalom ya saba zama yana mata tsiya, ta ɗaga zoben.

"Ka gani ko? Na faɗa maka na ƙasan ake ajiyewa."